Katin Hoton da Zakiyyu Ya Sayo a Kano

Ja'afar mai gyara ya kwance murfin kwamfutar, ya hure ƙurar da ke ciki, sannan ya ɗauki sabon katin ya kara shi a gefe kamar tela mai gwada yadi. Ya juyo ya dubi Zakiyyu.

"Kafin ka saya, wa ka tambaya?"

"Mai shagon ya ce yana shiga kowace kwamfuta," in ji Zakiyyu.

"Ai shi sayarwa yake yi."

Zakiyyu ya gyara tsayuwa. Shekaranjiya ya sayar da babur ɗinsa, ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da katin nan naɗe cikin tsumma a ƙirjinsa. Shi ne abin da ke zana hoton wasa a fuskar kwamfuta, kuma tsohon da ke ciki ya gaji. Idan ana buga ƙwallon kwamfuta a gidan wasansa sai ɗan wasa ya daskare da ƙafa a sama, samari su yi tsaki. Tun da Salman ya buɗe nasa gidan wasan a tsallaken titi da manyan talabijin, rabin masu zuwa wurin Zakiyyu suka koma can.

"Bakinsa ya yi daidai da ramin bod ɗinka, babban allon nan na ciki, nan babu matsala," in ji Ja'afar. "Tsayinsa ne ya ɗan wuce, amma a iya yanke ƙarfen nan. Abin da ya dame ni akwatin wutar, mai raba wa kayan ciki lantarki. Ƙarami ne, kuma ya tsufa. Katin nan cin wuta gare shi. Dubi ma bakin wayarsa, ba iri ɗaya ba ne da naka."

"Ba a samun mahaɗi?"

"Ana samu. Ni dai ba zan sa maka da hannuna ba. Ka bari in aika Zariya a kawo babban akwati, zuwa mako mai zuwa."

Yau kuwa kasuwar Makarfi ke ci, ranar da samarin ƙauyuka ke shigowa da rake da tumatir, su sayar, su nemi wurin hutawa. Zakiyyu ya riga ya baza labari cewa yau za a ga sabon hoto. Ban da haka, abin da ya rage masa daga kuɗin babur ba zai sayi wani akwati ba.

Kwamfutar ma ba tasa ba ce. Ta yayansa ce, Abubakar Siddiƙ, wanda ya rasu bara a haɗarin mota a hanyar Ikara, ya bar matarsa Badi'a da yara uku. Abin da shagon ya kawo, shi ake dafawa a gidan.

Zakiyyu ya ɗauki kayansa ya yi godiya. Ja'afar ya bi shi har bakin ƙofa.

"Zakiyyu, don Allah kar ka kunna ta a haka."

"In sha Allahu," ya ce, bai juyo ba.

A hanya ya tsaya wurin mai sayar da caja da wayoyi, ya sayi mahaɗin. Da ya isa shago ya ari almakashin maƙeri ya yanke ƙarfen da ya tokare katin, har ya yanki yatsansa. Ya tura katin ya zauna, ya haɗa wayoyin, ya ja janareta.

Da fuskar kwamfutar ta kawo haske, shagon ya yi tsit. Ciyawar filin ƙwallon ta fito kore shar, ana ganin gumi a goshin 'yan wasa. Kafin azahar benci ya cika, wasu na leƙe ta taga, har da waɗanda suka saba zama wurin Salman. Zakiyyu ya jingina da bango yana tsotsar yatsansa, yana jin ihun da ya daɗe bai ji ba a ɗakin nan. Ya ce a ransa, Ja'afar tsoro ne ya yi masa yawa.

Ana cikin wasa na huɗu fankar ciki ta canza murya. Wani abu ya yi ƙara, fas! Fuskar ta yi baƙi, farin hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Zakiyyu ya fizge wayar daga bango, amma aikin gama ya gama. Samarin suka fita ɗaya bayan ɗaya, wasu na cewa Allah ya mayar da alheri. Yana kallo suka tsallaka titi.

Bayan la'asar Ja'afar ya zo da jakar kayan aikinsa. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma Zakiyyu ya fi son a ce ya faɗa. Ya gwada nan, ya shinshina can, ya nuna wani baƙin tabo a jikin bod ɗin.

"Akwatin wutar ya tafi, kuma bai tafi shi kaɗai ba. Wannan ba ta gyaruwa, sai dai sabuwa." Ya zare katin ya juya shi a haske. "Shi kuwa da alama ko ƙwarzane bai yi ba."

Rana ta yi sanyi lokacin da Zakiyyu ya yi sallama a gidan yayansa. Yaran suka rugo suna "Baffa! Baffa!" Badi'a na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Suka gaisa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi gajiya, ta sa aka kawo masa ruwa. Fuskarta a sake take, irin yadda bai gani ba tun rasuwar.

"Dama ina nemanka," ta ce. "Malam Tukur na Ikara, mai shagon buga takardu, ya aiko yana son sayen kwamfutar. Tayin da ya yi zai ishe ni injin markaɗe. Kai ma ka huta da wahalarmu, ka koma kan babur ɗinka. Na ce sai na shawarce ka, amma ni zuciyata ta kwanta. Gobe zai zo ya gani."

Zakiyyu ya ajiye kofin bai sha ba.

"Yaya Badi'a, kwamfutar ta ƙone ɗazu. Ni na ƙona ta. An hana ni, ban ji ba. Babur ɗin ma na sayar."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta dubi yaran, ta ce su shiga ɗaki. Ya jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa gefe, har ya ji kamar ta manta yana wurin.

Can ta zaro wayarta daga ƙarƙashin faifan, ta nemo lamba, ta miƙa masa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Kira Malam Tukur. Ka ce masa kar ya ɓata man motarsa."