Kajin Malam Seini da Ɓawon Katantanwa

Wata biyar Malam Seini, tsohon kafinta a Tafo ta ƙasar Asante, yana kiwon kaji goma sha biyu a bayan gida, 'yan gidan gona masu jan gashi. Da hannunsa ya ƙera akurkin, garin katakon da ya shimfiɗa musu kuma daga Anloga, unguwar masu katako, ya ɗauko shi a tirotiro, motar haya. Kaji sun yi ƙiba, suna ta kyarkyara, amma ƙwai ko ɗaya bai shiga hannunsa ba.

Ran Lahadi 'yarsa Rashidatu ta haihu. Da hantsi matarsa Asibi ta leƙa akurki, tana duban kajin ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, waɗannan gimbiyoyin naka, ci kawai suka iya. Ran suna tukunya za su shiga."

"Ki bar mini su zuwa Juma'a."

"Na bari. In ban ga ƙwai ba, kai da kanka za ka wasa wuƙa."

Malam Seini ya ɗauko benci ya zauna bakin akurki, ya hana idonsa ƙiftawa. Mai nema yana tare da samu. Can sai wata ta tsuguna, ta saki ƙwai. Ya miƙe zumbur. Kafin ya zura hannu, ƙwan ya lotse kamar ganda, sauran suka yi masa caa, suka shanye har ɓawon. Ashe sun daɗe suna yi, laushin ɓawo ne ke sa suna cinye abinsu.

Mame Ajuwa, 'yar Asante mai sayar da fufu a maƙwabta, tana kallo ta kan katanga. Shekara tara Malam Seini yana toshe hanci in ya wuce bolarta, saboda miyar katantanwa take yi, shi kuwa ko a mafarki ba ya ci.

"Papa Alaji, kajinka ƙashi suke nema," in ji ta da Hausarta ta Zongo. "Ka ƙona ɓawon katantanwa, ka daka, ka sa a dusa. Ga shi can tuli. Ko shi ma yana karya alwala?"

Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Malam Seini ya tuna wuƙa, sai ya naɗe hannun riga ya ɗauki bokiti. Girman kai rawanin tsiya ne. Masu jiran fufu suka ga dattijo mai furfura yana tsince bola, suka yi ta dariya, bai kula su ba.

Asibi ta hana shi turminta, ya daka da dutse. Litinin, Talata, Laraba, ƙwai na fitowa da taushi, kaji na shanyewa. Ran Alhamis ya ji Asibi tana aron babbar tukunya.

Ran Juma'a da safe ya ɗaga murfin akurki, sai ga ƙwai uku kwance cikin garin katako, ja-ja, da ɗuminsu. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa na gaba, ya ji ƙas-ƙas kamar tsakuwa. Dattijon da bai taɓa gudu a gaban mutane ba ya ruga tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Asibi! Kawo haƙorinki ki ji."

Ta karɓa, ta ƙwanƙwasa, ta juya shi ta sake ƙwanƙwasawa, fuskarta a ɗaure amma murmushi na neman suɓuce mata.

"To, kajinka sun tsira. Sai ka san abin da baƙi za su ci ran suna."

"Ragon suna ba nama ba ne?"

Ta karɓe sauran biyun ta nufi murhu, ta ce mai jego za ta fara dafa wa. Shi kuwa ya sake ɗaukar bokiti ya fita.