Hancin Baba Kwalba

Shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, har ɗalibai suka laƙaba masa Baba Kwalba. Malamai ke haɗa sinadarai, shi kuwa nasa kallo da soso. Da ya yi ritaya sai ya ce yanzu lokacinsa ne. Ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya na gidansa, ya kafa risho da tukunyar gilashi, wai zai haɗa turare mai ƙamshin ayaba.

Hali zanen dutse. Duk kwalbar sinadarin da ya sayo, sai ya jiƙa takardar jikinta ya ɓare, ya goge ta tas, don shi kwalba mai tabo kunya take ba shi. In matarsa ta tambaye shi yadda zai bambance su, sai ya taɓa hancinsa.

"Ga takardar nan a fuskata."

Abin da bai gaya mata ba shi ne hancin ya daɗe da mutuwa. Ko albasa take soyawa ba ya ji, sai dai ya yaba ƙamshin don kada ta gane. Girman kai ne kawai, kuma shi ma ya sani.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Iska na kaɗa wutar risho, sai ya rufe taga. Ruwan sinadaran da ya haɗa ya tafasa, idonsa ya fara yaji, ya ce ai hayaƙin kananzir ne. Tururi kuwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa falo, inda matar ke guga, baiwar Allah da ke fama da asma tun ƙuruciya. Tarinta ya fara ji, sannan faɗuwar dutsen guga.

A asibiti wata likita ta fito ta same shi a kan benci.

"Baba, me ta shaƙa? Ba ni sunansa in san inda zan dosa."

Ya buɗe jakar da ya kwaso kwalaben a ciki. Guda biyar ne, duk ruwa garau kamar na famfo. Ya cire murfin ta farko ya kai hanci, ya cire na ta biyu. Likita ta riƙe masa hannu, ta mayar da murfin.

"Wanne ne a ciki, Baba?"

Ta bayan labule yana jin numfashin matarsa na fita da kyar, yana shiga da kyar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya a kai.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Shekara uku ke nan rabona da jin warin komai."

Likita ta juya ta koma ciki da sauri.