Koriyar Leda a Kan Firinta

Ɓera ne ya cinye wayar. Tsohuwar kwamfutar shagon abincinmu a garin Chiayi na ƙasar Taiwan, da ita muke buga takardun da ake liƙa wa kwalin shinkafa, kuma ita da firinta ba sa magana sai ta wannan waya mai kauri. Na zagaye gari, ba mai sayar da irinta. Wani ma dariya ya yi mini.

Tun da na gama sakandare nake zaune. A-pa, mahaifina, ya gaji.

"Kai da kake cewa za ka Taipei koyon gyara," in ji shi, "to ga gyara. In ta buga, ka tafi. In ba ta buga ba, jirgin kifin kawunka na jiranka."

Ni ko a kwale-kwalen rafi amai nake yi.

Na samo kawunan waya biyu a wurin mai gwangwan, ɗaya mai haƙora ashirin da biyar, ɗaya mai talatin da shida. Na kwafo zanen haɗin, na zauna a bayan kicin ina narka dalma, hayaƙinta na gauraya da ƙanshin naman miya. Yatsuna suka sha ƙuna. Da na gama na soka. Na danna.

Shiru.

A-ma, kakata, ta leƙo ta kalli saman firinta, ta dafe ƙirji.

"Ina ledar?"

Koriyar ledar gugguru da ake ɗora wa na'ura don ta yi ladabi. Tamu ta ɓace, wata rawaya ce a wurin.

"Yu-shan!"

Yayata ta fito tana goge hannu. "Yunwa na ji, A-ma. Ai na mayar da wata."

"Rawaya? Kin taɓa ganin mota ta wuce a rawayar fitila lafiya? Hau babur!"

Yu-shan ta nuna ni. "Ai A-Kai ne bai iya ba, ku bar ɗora wa gugguru laifi."

"Hau babur na ce!"

Shagon kusa ba kore. Suka bazama, A-ma a baya tana riƙe da hularta. Ni kuma na zauna ina hararar zanen. Can na gani. Zanen daga gaba yake nuna haƙoran, ni daga baya na liƙa. Duk na juya su, dama ta koma hagu.

Ban taɓa aiki da sauri haka ba. Ina cirewa, ina liƙawa, ina dariya ni kaɗai kamar zautacce. Na soka ke nan na ji ƙarar babur.

A-ma ta ɗora koriyar leda, ta shafa ta. "Yi ladabi, 'yar albarka. Danna."

Na danna. Firinta ta yi tari, ta kama kururuwa, takarda na fitowa: cinyar kaza, cinyar kaza, cinyar kaza. Yu-shan ta rungume mai wanke-wanke. A-ma na tafa hannu.

A-pa ya sosa haɓa. "To, wa ya gyara? Kai ko leda?"

"Leda mana!" in ji A-ma.

Na ji ƙasa na lilo da ni kamar na riga na hau jirgin. Na miƙa hannu, na ɗauki ledar, na farke.

"Wayyo, ɗan banza! Ajiye!"

Na cika baki. Na sake cikawa. Ina taunawa na danna.

Cinyar kaza. Cinyar kaza.

A-pa ya yi dariya har ya zauna a kan buhun shinkafa. "Jeka haɗa kayanka, sai Taipei."

A-ma ta fizge ledar daga hannuna, ta leƙa ciki, ta ɗebi sauran ta watsa a baki.

"Yu-shan," ta ce tana tauna, "koma ki sayo biyu. Ɗaya ta firinta, ɗaya a ɗora wa yaron nan a ka."