Ɗan Fengwin a Rumfar Tumaki

Rhoda ta shiga rumfar askin tumaki neman igiya, sai ta tarar da ɗan tsuntsun tekun nan mara tashi da ake kira sarkin fengwin cikin akwati, gashinsa ruwan ƙasa a yamutse, ƙirjinsa duk ƙashi. Yayanta Terence, wanda ya dawo tsibirin Falkland bayan shekara ashirin a Ingila, yana durƙushe yana tura masa naman tunkiya a baki.

"Ina ka samo shi?" in ji ta.

"Bakin teku, kwana huɗu ke nan. Yunwa za ta kashe shi kuna kallo, marasa tausayi kawai."

Rhoda ta ja dogon tsaki. "Mu ne marasa tausayi? Haka 'ya'yan fengwin suke tsayawa duk hunturu, wata da watanni ba ci, suna jiran iyayensu. Kuma uwa da murya take gane ɗanta. Ashe kai ne ka ɗauke shi! Wata uwa ta fito daga teku da ciki cike da kifi, kwana biyu tana zagaya garkensu tana kira, har sai da na toshe kunnena. Yau da safe ta koma ruwa."

Terence ya miƙe, naman a hannunsa. "Ai za ta dawo."

"Ƙila nan da wata guda. Kai ka saba a yi ta jiranka." Ta ɗauki igiyarta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Yanzu kai ne uwarsa, Yaya. Ga teku can. Je ka nutsa ka haɗiyo kifi, ka zo ka amayar masa a baki."