Awon Wa Kika Ba Ta?

Ni na haɗa wa Baba Dantong na'urar ban ruwa, 'yar ƙaramar kwamfuta da ke auna danshin ƙasa ta tayar da famfo da kanta. Dattijo ne mai noman dankalin turawa a bayan Rikkos, ciwon gwiwa ya hana shi jan tiyo. Na ce masa ya huta, kada ma ya taɓa komai. Ni fa bakina ya fi hannuna sauri.

A kwana na huɗu ya kira ni. "Injiniya Suwaiba, koriyar wuta na kunne a jikin abin, amma famfo shiru. Shuka ta fara kwanciya."

Na ce ya ƙara haƙuri, ƙasar ce ba ta bushe ba. A raina kuwa cewa nake ya tsinka wata waya. Ai irinta da nake gwaji da ita a kan teburina lafiya lau take aiki.

Bayan kwana biyu na kai ƙorafi shagon mahaifina, tela ne a Anguwan Rogo. Na yi masa bayani dalla-dalla: a kwamfutata nake rubuta shirin, wata manhaja ta harhaɗa shi domin na'urar da zai zauna a ciki. Da 'yan gajerun umarni nake gaya mata irin ƙwaƙwalwar na'urar da inda za ta ɗauko kayan haɗi.

Bai ko ɗago kai daga keken ɗinki ba. Ya ce, "To, awon wa kika ba ta?"

Nan take na gano kuskurena. Umarnin duk na sabuwar na'urar teburina ne. Ta gona tsohuwar ƙira ce. Takan kunna, ta nuna koriyar wuta, amma da ta zo lissafin danshi sai ta ci karo da abin da ba ta sani ba, ta tsaya cik. Ban taɓa gwada ta da ƙasa ba.

Gyaran bai ci minti goma ba, layi biyu kawai na canza. Na tari Keke Napep zuwa gona, na loda wa na'urar gyararren shirin, famfo ya tashi. Amma kunya biyar ta gefen tudu ta riga ta ƙone.

Na ce wa dattijon, "Baba, laifina ne. Me ya sa ba ka ba su ruwa da bokiti ba?"

Ya daɗe yana murza busasshen ganye a hannunsa.

"'Yata, ke kika ce kada in taɓa komai. Na ɗauka kin fi ni sani."