Shayarwa ta Biyar

Ranar da muka ɗauko Suraya daga gidan marayu, mijina Rosdi ya yi kuka har da majina. Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, sai ga 'yar wata uku ta cafki gemunsa ta ƙi saki.

Limamin ƙauyenmu ne ya rage mana murna. Ya ce, "Rosdi, riƙon maraya lada ne babba. Amma ran da yarinyar nan ta balaga, sai ta rufe kai a gabanka. Ba runguma, ba sumbatar hannunka ranar Sallah. Sai dai in 'yar'uwarka ta shayar da ita sau biyar, ta ƙoshi kowane karo, kafin ta cika shekara biyu. Nan ka zama kawunta na nono."

Ni na sha hulba don in shayar da ita da kaina, har gumina ya koma warinta, amma nono ko ɗigo. Rosdi kuwa 'yar'uwa ɗaya gare shi, Yaya Rohaya, tana goyon ɗanta na bakwai. Kuma ba sa ga maciji. Tun rasuwar babansu suke gaba a kan bishiyar duriyan, mai 'ya'yan nan masu ƙaya da tsada, guda ɗaya tal: saiwarta a gonarsa, 'ya'yanta na faɗowa a tata.

Haka ya haɗiye girman kansa, ya goya mu a babur.

Rohaya ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "A'a! Mai bishiya da kansa? Ɓatan hanya ka yi?"

"Yaya, alfarma na zo roƙo."

"Yau kuma ni ce Yaya? Miƙo ta nan. Kai kuma kada ka tsaya mini ƙiƙam, rufin kicin na yoyo."

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk cikin mako guda. Daga nan ta biyar ta ƙi zuwa.

Kullum sai Rohaya ta fito tana girgiza kai. Yau ta ce yarinya ta saki nono don kallon kyanwa. Gobe ta ce barci ne ya ɗauke ta, ba ƙoshi ba. Jibi ta ce ta yi tumbuɗi, ai abin da ya dawo ba a ƙirga shi. Rosdi ya gyara rufi, ya yashe rijiya, ya koma mai kai 'ya'yanta makaranta, suna ta ihun "Kawu! Kawu!" a bayansa. Ya rame, ya yi baƙi. Suraya kuwa ta zama kamar kabewa, wuya ya ɓace.

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Har ya ce mata, "Yaya, na bar miki bishiyar, da saiwa da komai." Ta ce, "Wa ya tambaye ka? Ɗauki buroshi, bangon baya bai sha fenti ba."

Ranar nan haƙurina ya ƙare. Na bi ta ɗaki, na zauna na zuba ido. Suraya ta sha, ta sha, ta saki da kanta, ta yi gyatsar da ta firgita kyanwar.

Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah! Wannan ma bai ƙirgu ba? Bawan Allahn nan kullum cikin fargaba yake, kada nono ya ƙafe 'yarsa ta girma tana ɓuya masa."

Ta sunkuya tana shafa kan yarinyar. Da ta ɗago, idanunta sun cika.

Ta ce mini, "Norlia, ta zama 'yata tun makon farko, ta biyar ta wuce tuntuni. Amma in na faɗa masa, kina jin zai sake taka gidan nan? Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Ni kuma bakina ba ya iya cewa ka dawo."

Sai muka ji buroshi ya tsaya a bayan taga. Ashe Rosdi bangon ɗakin yake wa fenti.

Can Rosdi ya leƙo, fenti a gemu, hanci na zuba kamar ranar gidan marayu.

Ya ce, "Yaya, na ga yau ma ba ta ƙoshi ba. Gobe da safe zan kawo ta."