Maganin Korrufsiyon

Da likitan ya yaye tsumman da ke ƙafar Bappa, wari ya cika ɗakin asibitin, har mai jinyar gadon kusa ta toshe hanci da mayafi. Kwana tara ke nan da fartanya ta sari tsohon a gonarsu ta Mainika, kwana shida ana yi masa allura, amma ciwon sai ƙara baƙi yake.

Likitan mutumin Kuba ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ɗaga kwalbar allurar ya duba, ya ɗiga a harshensa, ya yamutsa fuska.

"Corrupción," in ji shi, ya fice a fusace.

Hammadu, babban ɗan Bappa, ya ɗauka sunan cutar ke nan. Ya riƙa maimaita kalmar har ya tsallaka titi zuwa kantin maganin Malam Sharfaddeen, wanda kuma shi ne mai riƙe da makullin ɗakin ajiyar magani na asibitin.

"Malam, barka da rana. Maganin korrufsiyon nake nema."

Sharfaddeen ya daina jan carbi. "Wa ya turo ka ka ci mini mutunci? Fita!"

Hammadu ya koma jiki a sanyaye, ya sami Sista Anastasia, 'yar Filato da ta daɗe tana aiki da likitan. Da ta ji yadda aka yi, ba ta yi dariya ba.

"A yarensu, Sifaniyanci, in nama ya ruɓe haka suke cewa," in ji ta. "In ma'aikaci ya ci amana, nan ma haka suke cewa. Kalma ɗaya ce."

"To wanne yake nufi, Sista?"

"Allurar da muke yi wa Baba ruwa ce zalla. Ni ma yau na sani. Da hannuna na yi masa."

"Ta gaskiyar fa?" in ji Hammadu.

Ta rubuta sunan allurar a 'yar takarda, ta dubi taga, wajen kantin. "In ba a samu yau ba, gobe sai a Kano, kuma yanke ƙafar za su yi."

Hammadu ya daɗe tsaye a bakin titi. Sannan ya tsallaka, ya miƙa takardar ba tare da sallama ba. Sharfaddeen ya zaro kwali daga ƙarƙashin tebur. An kankare tambarin gwamnati da reza, amma rabinsa yana nan.

"Ka yi haƙuri da ɗazu," in ji shi, yana murmushi. "Zamani ne ya lalace, shi ya sa muke murna da zuwan Shari'a. Allah ya ba Baba lafiya, ya raba mu da azzalumai."

Hammadu ya biya, ya rungume kwalin a ƙirji. Sharfaddeen ya tsaya yana jiran amin, har ya ga shigarsa ƙofar asibiti.